Wasiƙa Tara, Babu Sunanta

Ƙofar Durbi, Katsina
21 ga Satumba

Zuwa ga Likita Sa'adiya, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ubangida zuwa ga baiwarsa, kuma dole ki amsa da ladabi, tunda ni ɗan namiji ne ke 'yar mace, ban kuwa ji an ce digirin likita yana goge wannan ba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mahmud da ɗanku Yazid. Yaya asibiti, yaya ruwan saman garin nan naku da ba ya zuwa hutu? Mu nan sai godiya. Gwaggo Hajo, mahaifiyarki, tana nan da ƙarfinta. Gwiwa ce ke damunta, sai dai na lura ciwon yana da tsari: ranar zuwa asibiti yake tashi, ranar biki ya kwanta. Matata Habiba tana gaishe ki, ta ce yajin daddawar da kika roƙa yana nan, mai zuwa ake nema.

Kin sake ƙorafin me ya sa ba na turo saƙon murya kamar sauran bayin Allah. Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi, abin da na koya kuwa shi ne, maganar da ba a rubuta ba, bayan shekara biyu kowa zai rantse ba haka ya faɗa ba. Saboda haka da biro zan ci gaba da rubutawa, a ɗauki hoton takardar a turo miki ta waya. Ke ma ki ci gaba da amsawa a rubuce.

Ga labari. Ramla, 'yarki ta fari da kika ajiye mana a gidan nan tun ranar yaye, ta fara jawo mana suna a gari. Wata ƙungiyar tsofaffin malamai ta shirya gasar lissafin ka tsakanin 'yan aji shida na firamare. Ba biro, ba takarda. A karanto tambaya, a ba da daƙiƙa goma, wanda ya riga danna ƙararrawa shi zai amsa. Zagaye uku ne, kuma wanda ya cinye na ƙarshe zai samu gurbi kyauta a makarantar kwana. Jiya aka yi na farko. Yara arba'in da biyu, Ramla ta share su tas.

Kada ki yi saurin cewa gado ta yi. Ni na san inda abin ya samo asali. Tun tana aji uku, in na ɗauko ta a babur daga makaranta, lambar duk Keke Napep ɗin da ya wuce mu sai ta haɗa da ta na bayansa, ta ninka, ta ƙwala mini amsar a kunne, tun daga Babbar Kasuwa har ƙofar gida. Kurumtar da na fara a kunnen hagu ita ce gudummawata ga ilimi.

Na san abin da za ki tuna mini. Shekara shida a firamare kina ta ɗaya ina na biyu, gida ɗaya, tabarmar karatu ɗaya. Amma tarihi bai manta da zangon da na zo na ɗaya ba, ko da yake maƙiya suna cewa zangon ne kika yi ƙyanda.

Ki huta lafiya.
Ubangidanki,
Malam Lado


Fatakwal
26 ga Satumba

Zuwa ga Malam Lado.

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwar ubangidan da bai taɓa ciyar da baiwarsa ko da ƙosai ɗaya ba. Muna lafiya ƙalau. Mahmud yana gaishe ka. Yazid ya shiga nazare, ranar farko ya dawo ya ce malamarsu ba ta da hankali, ya yi mata magana da Hausa tana ta murmushi kawai. Ka gaida Habiba, ka ce yajin ta ƙara masa citta. Maganin gwiwar Gwaggo bayan cin abinci ake sha, kada ku bari ta haɗa shi da jiƙon da take ɓoyewa a bayan gado, na san yana nan. Tunkiyarta ta haihu kuwa?

Maganar ƙyanda, ka rubuta da hannunka, kuma kai ka ce abin da aka rubuta ba ya canzawa. Na adana takardar.

Na ga abin da ka faɗa game da gasa. To, madalla. Amma Lado, kai kana zaune a gari ɗaya, aji ɗaya, kana ba yara labarin ganuwa da Gobarau, ba ka san yadda duniya ta koma ba. A nan sashen yara, mu goma sha ɗaya ne muke neman kujerar babban likita, kujerar kuwa guda ɗaya ce. A Nuwamba za mu zauna jarrabawa. Wanda ya zo na biyu tafi za a yi masa, ya koma inda ya fito ya ci gaba da karɓar umarni. Haka makarantu suke yanzu, haka neman aiki yake. Yaran da za ta kara da su a gaba ba da lambar Keke Napep suka koyi lissafi ba.

Don haka ka nemo wa yarinyar malamin lesin, ni zan ji da shi. A rage mata wanke-wanke da aike. Kada ka cika ta da surutun nan naka na cewa ilimi ba tsere ba ne, wannan magana ce ta waɗanda aka saba tsere wa.

Kuma ka sani, jinina ba ya zuwa na biyu. Idan ta wajen naku ta zo ta biyu, to zama da kai ne ya shafe ta, ta zama taka, sai ka riƙe abarka.

Allah Ya bar zumunci.
Wadda ta fi ka tun aji ɗaya,
Sa'adiya


Ƙofar Durbi, Katsina
5 ga Oktoba

Zuwa ga Sa'adiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, mu ma lafiya muke. Tunkiya ta haifi biyu. An kama jiƙon Gwaggo, amma kafin a kai shi bola ta riga ta haɗa wani.

Jiya aka yi zagaye na biyu, kuma na ga duniyar da kike ba ni tsoro da ita. Sunanta Safiya, shekararta goma sha ɗaya, daga GRA aka kawo ta a mota mai baƙin gilashi. Malaman lesin uku ne suka biyo ta: ɗaya na riƙe da ruwa, ɗaya da littafi, na ukun ban gane aikinsa ba, ina jin shi ne mai kula da biyun. Mahaifinta, wani Alhaji mai waya biyu, ya zauna a gaba yana rubuta duk tambayar da ta yi jinkiri a kai. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, ban hana mata ba, amma ko sau ɗaya ban ga haƙoranta ba.

Safiya ta samu maki ashirin da uku, Ramla ashirin da biyu. Su shida suka wuce zuwa zagayen ƙarshe, ranar Asabar takwas ga Nuwamba. Ga shi nan, ta zo ta biyu, kin ga ke nan tarbiyyata ta fara kama jiki. Na gode da kyautar da kika yi mini.

Ban da wasa, kada ki damu. Yatsa ne ya yi mata nauyi, ba kai ba. Sau huɗu ina ganin amsa a bakinta kafin waccan ta danna. Malamin lesin kuwa ban ɗauko ba kuma ba zan ɗauko ba. Duk wanda zan samu a garin nan, Ramla za ta koya masa. Habiba ta kifa mata murfin kwano a kan tabarma a madadin ƙararrawa, ina karanto tambaya tana bugawa, Gwaggo ce alƙali, ko da yake duk amsar da aka bayar cewa take daidai ne.

Ramla ta ɗauki abin da zafi fiye da yadda na zata. Ta daina fita wasan gada da 'yan layinmu, ko an zo kiranta cewa take tana da aiki. Ɗazu ta tambaye ni, “Kawu, wanda ya zo na biyu ana ba shi wani abu?” Na ce ana ba shi haƙuri, kuma ni shaida ne yana ƙarko. Ba ta yi dariya ba. Yaran zamani ba su san barkwanci mai daraja ba.

A gaida Mahmud da shugaban masu hankali, Yazid.
Naki,
Lado


Ƙofar Durbi, Katsina
24 ga Oktoba

Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa kwana goma sha tara ba mu ga rubutunki ba. Mu jikinmu lafiya. Yau ba ubangida ba ne ke rubutu, ki zauna ki karanta a natse.

Jiya malamin ajinsu Ramla ya kira ni makaranta. Suna gwaji, ya karanto tambaya mai sauƙi, ta danna ƙararrawa, sai ta tsaya baki buɗe, ba amsa. Ya sake wata, haka. A ta uku ta fashe da kuka. Ya ce wannan ne karo na uku a mako guda. Habiba ma ta ce kwana biyu ana mayar da kwanonta kusan yadda aka zuba. Ni da nake gidan, mai karatun littattafai, ni ne na ƙarshe da ya sani.

Na ɗauko ta, muka zauna a zaure, na ce ta gaya mini abin da ke damunta. Ta daɗe tana murza bakin hijabi, sannan ta ce, “Kawu, shi ke nan na zama taka?”

Na ce, “Da can ta wa ce ke?”

Ta ce, “Anti ta ce in na zo ta biyu ka riƙe abarka. Kuma tun da na zo ta biyu ba ta sake rubutowa ba.”

Anti ke ce, kin san haka take kiranki. Yanzu ga laifina. Kin san ni da wayar nan ba ma jituwa. Tun da na saye ta bara, Ramla ce ke ɗaukar hoton wasiƙuna ta tura, ita ce ke buɗo naki ta ƙara musu girma ta miƙo mini. Ban taɓa kawowa a raina cewa mai buɗewa tana da ido ba.

Na yi dariya, na ce wannan ai wasan taubasai ne, tun kafin a haife ta muke yi, ni ma na sha ce miki baiwa kuma ban taɓa kai ki kasuwa ba. Sai ta ce, “Wasiƙa tara ta rubuto tun da ka sayi wayar. Sunan Yazid sau talatin da ɗaya. Na Mama Habiba sau goma sha huɗu. Tunkiyar Gwaggo sau uku. Ni babu ko ɗaya. Sai dai yarinyar, ko ta wajenku, kuma duk inda aka ce yarinyar, ana tambayar ta nawa ta zo ne.”

Kin ga illar koya wa yaro lissafi.

Na ce mata kunyar ɗan fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane, haka muka taras, kuma ba ƙiyayya ba ce. Ta ce ta sani, an gaya mata tun tuni. Sannan ta ce, “Amma Kawu, a takarda ma? Wa ke kallonta a takarda?”



Ga yadda ta tsara abin a ranta: idan ta cinye gasar nan za ki rubuta sunanta, idan ta faɗi kin sallama ta. Da wannan kaya take hawa kan dandamali, shi ya sa harshe ke ƙin motsi. Na tabbata da an sauke mata shi, babu Safiyar da za ta tsaya gabanta, in ma ta tsaya, ba komai. Saura kwana goma sha biyar.

Wannan takardar wani abokin aikina ne zai tura miki ita, shi zai buɗo amsarki.

Lado


Fatakwal
27 ga Oktoba

Lado,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A tsaye na karanta wasiƙarka a ɗakin likitoci, sai da na nemi kujera.

Shirun da na yi ba shi da alaƙa da maki ashirin da biyu. Amai da gudawa ne suka ɓarke a wata unguwa, yara goma sha bakwai a ɗaki mai gado goma, mu biyu a kansu. Ɗan lokacin da ya rage ina kan littafi. Wasiƙarka ta biyar ga wata ban buɗe ta ba sai bayan kwana takwas, na yi dariya, na ce zan amsa gobe.

Amma kai ma, Malam, da girmanka da gilashinka, ka ɗauki wasiƙar manya ka miƙa wa yarinya? Da kai nake wasa. Da na san akwai mai leƙe ai da na tauna maganata.

Ka san ba haka nake ba. Duk takardar sakamakon da ka turo tun daga aji ɗaya, na wanke hotonta, suna cikin akwatina. Duk Juma'a ina kiran Habiba, ka tambaye ta a kan wa muke magana. Takalmin Sallah da kuka ce Mahmud ne ya aiko, kasuwa uku na zaga kafin na samu irin wanda Habiba ta ce tana so.

Jiya na ɗauki biro na ce bari in rubuta mata layi biyu. Wallahi Lado, na kafa biron a takarda ya ƙi tafiya. Ji na yi kamar an ce in fita titi ba mayafi. Na san abin dariya ne. Kullum ina kiran 'ya'yan mutane da sunayensu, ina lallashinsu su sha magani, har waƙa nake yi musu. Amma wannan, Gwaggo za ta ji, dangin Mahmud za su ji, a ce boko ya cinye mini kunya. Ban san yadda ake yi ba, ba wanda ya taɓa yi a gabana.

Zuwa kuma ba zai yiwu ba. Gasarsu Asabar, jarrabawata Litinin da safe, shekara huɗu ina jiran ta.

Kai ka iya magana, da ita kake ci. Ka zaunar da ita ka gaya mata duk abin da na faɗa a nan. Ka ce ko ta nawa ta zo, babu abin da zai canza. Daga bakinka zai fi daɗi.

A gaida Gwaggo da Habiba.
Sa'adiya


Ƙofar Durbi, Katsina
30 ga Oktoba

Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Sannu da fama da marasa lafiya, Allah Ya ba su sauƙi, Ya ba ki lada. Laifin waya na karɓa, ba gardama.

Aike kuwa ba zan kai ba. Na riga na gwada. Na ce wa Ramla Anti ta ce ko ta nawa kika zo ba komai. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai tallan maganin gargajiya, ta ce, “Kawu, wannan irin maganarka ce.” Ta san muryata, shekara goma tana ji.

Bari in ba ki tarihi, fannina ne. Ke ma 'yar fari ce, Innata ce ta riƙe ki kamar yadda muka riƙe Ramla. Ranar da muka gama aji shida, kin zo ta ɗaya an ba ki kyautar jaka. Kika wuce ɗakin Inna, kika nufi Gwaggo kai tsaye tana tankaɗe a tsakar gida, kika miƙa mata takardar. Ba ta ɗago ba, ta ce, “A aje can.” Ni da na zo na biyu Inna ta dafa mini ƙwai har biyu. Na zo in yi miki gwalo da su, na same ki a bayan ɗakin girki kina kuka. Ban taɓa tsokanarki da wannan ba, kin kuwa san ba na barin dama ta wuce.

Jiya na shiga wurin Gwaggo na ba ta labarin halin da ake ciki. Ta ce, “To mi za ta ce mata? Ɗiyar fari ai ba a yi mata baki. Mu haka muka iske, kuma ba mu mutu ba.” Na ce haka ne. Har na miƙe, sai ta ce in ɗaga mata gefen katifa. Wata leda ce a ɗaure da tsumma. Takardun sakamakonki ne na firamare, goma sha takwas cif, har da na zangon ƙyanda. Matar da ba ta karanta boko ko harafi ɗaya. Ta ce, “Ka maida, kuma in ka hwaɗa ma wani ban yafe ba.”

Ga shi na faɗa, zan nemi gafara daga baya. Shekara talatin suna ƙarƙashin katifa, kuma ba su taɓa gaya miki komai ba. Naki na cikin akwati su ma haka za su yi.

Ban ce ki yar da al'ada ba, ni ma ina son ta, ta rufa mana asiri a wurare da yawa. Ban kuma ce ki bar jarrabawarki ba. Yadda za ki yi, ke kika sani. Ke ce mai zuwa ta ɗaya, ban taɓa ganin tambayar da ta gagare ki ba.

Naki,
Lado


Ƙofar Durbi, Katsina
11 ga Nuwamba

Zuwa ga Likita Sa'adiya, marar kunyar danginmu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa lafiya, kuma jarrabawar jiya ta zo da sauƙi. Mu nan lafiya, ban da kunnuwan mutum ɗari uku da har yanzu suke jinya.

Kwana tara ba amsa, na riga na fitar da rai. Ashe kina can kina neman jirgin Kano. Tunda kin zauna a layin ƙarshe da takunkumin asibiti da mayafi har gira, sannan kika gudu kafin a tashi, bari in gaya miki abin da ba ki gani ba.

Da safe sai da Habiba ta yi da gaske kafin Ramla ta sha koko rabin kofi. A kan dandamali tambaya uku na farko ba ta ko taɓa ƙararrawa ba, na ce yau sai haƙuri. Daga nan ta farfaɗo, kika ga yadda suka yi ta kai da kawo da Safiya har sauran huɗun suka koma 'yan kallo. Ashirin da ashirin, tambayar raba gardama: talatin da bakwai sau ashirin da bakwai. Ramla ta riga dannawa, ta ce ɗari tara da tamanin da tara. Alƙali ya girgiza kai. Safiya ta ce ɗari tara da casa'in da tara. Shi ke nan.

Daga inda nake ina ganin fuskar Ramla. Ba kuka take ba, abin ya fi kuka muni. Ta sunkuyar da kai ta saki hannuwa kamar wadda aka karanta wa hukunci. Aka kira ta ɗaya, aka yi tafi. Aka ce ta biyu, Ramla Mahmud, kafin mutane su haɗa hannu sai guɗa ta tashi daga bayan ɗaki.

Na halarci bukukuwa da yawa, Sa'adiya, ban taɓa jin irinta ba. Ta fara kamar ta amare, ta ƙare kamar an taka wutsiyar akuya. Alƙali ya danna ƙararrawa yana neman tsari. Alhaji mai waya biyu ya juyo yana tambaya ko an yi kuskuren sanarwa ne. Habiba ta damƙe hannuna ta ce, “Malam, wallahi muryar Sa'adiya ce.” Na ce ba zai yiwu ba, ita jininta ba ya yi wa na biyu guɗa.

Ramla ta ɗago. Ta gane ki tun kafin ki sauke takunkumin. Ta sauko da kyautarta ta littattafai, ta ratsa tsakiyar mutane ba ta kalli kowa ba, ta durƙusa gabanki. Na matso don tarihi ya samu shaida, ga abin da na ji:

“Anti, ina wuni.”

“Lafiya lau. An gama?”

“An gama.”

“To.”

Jirgi, mota, kwana biyu na karatu da kika zubar, duk don wannan jawabi. Sai dai na ga kin gyara mata hijabin da ba abin da ya same shi, kuma kin daɗe kina gyarawa.

Bayan tafiyarki na hangi Safiya a bakin mota da kofin gasar a hannunta, mahaifinta yana nuna mata tambaya biyu da ta bari a takardarsa. Ramla ta je ta yi mata murna, suka yi musayar lambar waya, wato tawa. Gurbin ya tafi, gaskiya ne. Za ta zauna jarrabawar shiga sakandare kamar kowa, kuma ina tausaya wa kowan.

Labari ya riga mu isa gida. Gwaggo na zaune a kan tabarma ta ce, “Wace ce aka ce ta yi guɗa gaban maza?” Na ce ɗiyarki. Ta ce ita ba ta da ɗiya mai wannan aiki, an zubar mata da mutunci a Katsina, gobe da wane ido za ta shiga gidan suna. Ta yi faɗa har la'asar. Da ta huce ta kira Ramla ɗaki, suka daɗe ina jin dariya. Jiya da hantsi kuma ta aiko a tambaye ni, “Waccan, yau ne take jarrabawar tata?” Da na ce e, ta sa aka sayo ƙosai aka raba sadaka.

Ramla ta ce in gaya miki wani abu. Na ce na yi ritaya daga aike, ga biro, ga sauran takarda. Abin da ke ƙasa ba hannuna ba ne.

Ubangidanki har gobe,
Malam Lado

Anti, ina wuni. Ya hanya? Allah Ya ba ki sa'a. Na san amsar, bakwai sau bakwai ne na yi gaggawa a kai. Anti, guɗarki ba ta fita daidai ba, kin yanke ta a tsakiya. Gwaggo ta ce ba ki riƙe hanci ba ne. Ta ce in kin zo hutu za ta koya miki, amma a ɗaki, a rufe ƙofa.

Ramla